Kalmalo Ba Mai Ciwo

Wani ne a nan Illela, uwarsa ta tura shi kwalejin kiwon lafiya don ya huta da noman albasa. Tun ranar da ya sa farar riga ya hana kowa sakat. Ka yi atishawa, ya ce a buɗe taga. Ka sha ruwan randa, ya yi maka wa'azi. Amma jarabawar ƙarshe, sau biyu tana kayar da shi.

Uwar ta ce, "Ɗana, saura guda. Ka faɗi wagga, fadama na jiranka."

Malamarsu, Malama Zuwaira, ta ba kowa aiki: ya je ƙauye, ya bi gida-gida, ya rubuto ciwon da ke damun mutane. Shi aka ba shi Kalmalo. Ya goge takalmi, ya rataya abin awon ƙirji a wuya, wanda bai ma san ta ina ake sa shi a kunne ba.

Gidan farko ya tarar da wani tsoho masunci cikin bargo biyu da tsakar rana, haƙora na kaɗawa.

"Baba, ya jiki?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

Gwanin naku ya rubuta: da sauƙi. Ya wuce abinsa.

Gaba kaɗan ya sami Hadijatu mai tuyar kifi, ƙafarta ta kumbura ta yi kamar turmi.

"Inna, akwai ciwo?"

"Lahiya lau, ɗan nan. Ya mutanen Illela?"

Ya rubuta. Har ya yaba mata ƙafar, wai alamar cin abinci mai gina jiki ce.

A bakin tafki ya gamu da wani Bafulatani da sa ya soka a cinya, jini har cikin takalmi. To Bafulatani zai ce maka wayyo a gaban mutane? Ya dogara da sanda ya yi murmushi ya ce, "Ba komi, sai alheri." Likita ya rubuta: sai alheri.

Gidan ƙarshe ya ga an shimfiɗa tabarmi a ƙofa, maza sun yi jugum.

"Ina mai gida? Zan tambayi jikinai."

Ƙanen mai gidan ya ce, "Yanzu munka dawo daga kai shi."

"Allahu akbar. To kahin nan, mi yac ce game da jikin?"

"Yac ce da sauƙi."

Ya sa shi cikin masu sauƙi, ya yi fatiha, ya rubuta ita ma, ya hau kabu-kabu.

Ran Litinin ya miƙa takarda yana hura hanci. A ƙasa har ya ba da shawara: tunda Kalmalo ba mai ciwo, a kai maganinsu wani gari.

Malama Zuwaira ta karanta, ta cire tabarau, ta goge, ta sake karantawa.

"Mutum arba'in, ba ko ciwon kai?"

"Ko ɗaya, Malama."

"Ka taɓa goshin wani? Ka dubi idon wani?"

"Mi za ni duba? Dattawa ne. In ƙaryata su cikin gidajensu?"

"Wanga da ka rubuta an yi mai fatiha fa?"

"Shi ma bai yi ƙorafi ba."

Ta jawo jan biro ta yi aikinta, ta kife takardar.

Ya ce, "Malama, ya sakamakon nawa?"

Ta ce, "Da sauƙi."

Sai ya yi tsalle. Ya biya kasuwa yana raba wa mutane goro, yana ce musu daga yau a riƙa kiransa Likita. Ya faɗa gida ko sallama babu, ya tarar da uwar tana tankaɗe.

"Inna! An gama! Malama da bakinta tac ce da sauƙi!"

Tsohuwa ko kai ba ta ɗaga ba. Ta ce, "Allah shi jiƙan takarda. Hauyarka na nan bayan rumbu."