Ranar da Na Wanke wa Gwaggo Hannu a Gorton

Ba zan taɓa mantawa da wata Lahadi a Gorton ba, kuma wallahi na yi ƙoƙarin mantawar. Har yau in ina wanke-wanke abin ya faɗo min a rai, sai in ji na ce "wayyo ni" da ƙarfi, ni kaɗai a kicin.

Lokacin ina Manchester ina karatun lafiyar al'umma a jami'a, ina zaune a Withington a wani flat da muke haɗa kicin da wasu ɗalibai. Akwai wanda yake nemana da aure, Mukhtar, shi ma ɗalibi ne. Mun daidaita, a gidanmu an sani, amma mahaifinsa da ke Zariya ya kafe a kan abu ɗaya: ba zai tura kowa neman aurena ba sai ƙanwarsa ta gan ni da idonta. Ƙanwar mahaifin nasa ita ce Gwaggo Rabi, tana zaune a Erdington can Birmingham tun ina firamare. In ta ce e, an gama. In ta ce a'a, to sai dai ni da Mukhtar mu riƙa gaisawa a laburare.

Ita ta kira ni da kanta. Ta ce, "Zan shigo Manchester ranar Lahadi. Kada Mukhtar ya biyo mu, mata za mu zauna."

Da ina da hankali da girki na yi mata. To amma kicin ɗinmu ba wurin kai suruka ba ne (akwai wani a gidan da yake jiƙa tukunya har ta fara tsiro). Sai na ce ko za mu fita mu ci a waje, na tambaye ta me take so. Ta ce komai. A nan ya kamata in yi shiru. Sai na ji bakina yana cewa, "Ai Gwaggo in dai abincin Indiya ne, ni ce uwarsa. Akwai wani wuri da nake zuwa kullum, har sun san ni."

Jama'a, ban taɓa taka wurin ba. A waya na gan shi bayan mun gama magana, na ga mutane suna yabonsa, na ga hoton abinci a kan ganye, na ce shi ke nan. Abin da ya ba ni ƙarfin gwiwa shi ne na tashi a gidan da in an sa fim ɗin Indiya, ko tuwo na ƙonewa ba mai motsawa. Na iya cewa "ina sonka" da yarensu, na iya cewa "sake ni", na iya rantsuwa sai na ɗauki fansar jinin mahaifina. A ganina wanda ya san wannan duka, mene ne shinkafa da miya? Ban taɓa lura ba cewa a finafinan nan ba a cika cin abinci ba, daga rawa sai kuka.

Na tarbo Gwaggo a tasha. Doguwa ce, ga tabarau, ga baƙar abaya da jibgegiyar rigar sanyi a kai. Na gaishe ta har da rusunawa, ta amsa, ta dube ni daga ɗankwali har takalmi. A bas ni na yi ta zuba, ina ba ta labarin Indiyawa da al'adunsu. Ita kuwa "uhm" kawai take cewa.

Wurin a unguwar Gorton yake, ɗan ƙarami ne, tsakanin shagon aski da na gyaran waya. Tebura kaɗan, tagogi sun yi gumi, ƙamshin man kwakwa da soyayyen ganye ya cika ko'ina. Na iyali ne: matar tana kai abinci, mijin yana kicin ana jin ƙarar ludayinsa, sai wani dattijo da farin zani a ɗaure, yana zaune kusa da hitar ɗumama ɗaki yana karanta jarida mai rubutu kamar an murɗa taliya.

Na haɗa tafin hannuwana na sakar wa matar gaisuwa irin ta fim, doguwa, har da lanƙwasa wuya. Ta tsaya tana kallona, sannan ta yi murmushi ta ce, "You alright, love? First time?"

Na yi wata dariya, na juya na ce wa Gwaggo, "Haka take, akwai ta da tsokana." (Daga baya na gane mutanen Kerala ne, can kudancin Indiya, yarensu daban. Abin da na yi daidai yake da ka je Kalaba ka gaishe su da Fulatanci.)

Ashe ranar Lahadi abinci ɗaya suke yi, kuma babu nama ko tsoka ɗaya. Na kawo baƙuwa tun daga Birmingham in ciyar da ita ganye! Na daure na ce ai da gangan na zaɓa, don kada mu shiga shakkar halal. Matar ta shimfiɗa mana ganyen ayaba a gabanmu, na yi wuf na ce, "Gwaggo, wannan shi ne farantin." Wannan kam na dace, don na gani a hoto. Dacewar nan ce ta ƙarasa ni, don daga nan kaina ya ƙara girma.

Sai ta dawo da jug na silba da ƙananan kofuna biyu, ta ajiye ta koma kicin. Na leƙa jug ɗin. Ruwa ne mai ɗumi, launinsa ja-ja, kamar an ɗiga masa zoɓo kaɗan. Nan take ƙwaƙwalwata ta haɗa lissafi: da hannu ake cin abincin, an kawo ruwa kafin abinci, mai ɗumi ne, ga launi irin na maganin nan da ake ɗigawa a ruwa a wanke latas. Ai ko yaro ya san ruwan wanke hannu ne. Kofunan kuma na zubawa ne.

Na ce, "Kin ga tsabtar mutanen nan ko, Gwaggo? Magani suke sa wa ruwan wanke hannu, mai kashe ƙwayoyin cuta. Mun yi shi a aji."

Ta dube ni ta saman tabarau. Ta ce, "Haka ne?"

Na ce, "Sosai ma."

Na duba ban ga kwanon tarar ruwa ba, na ce a raina sun manta. Sai na hango wata faffaɗar tasa a kan kanta, wankakkiya tana sheƙi. Na miƙe na ɗauko. Ga dama ta samu ta nuna tarbiyya, ni 'yar gidan mutunci. A tsakiyar gidan abincin nan, a garin Manchester, na durƙusa gwiwa biyu a gaban Gwaggo, na tara tasa, na ɗaga jug na ce, "Bismillah, Gwaggo."

Ta dubi jug ɗin, ta dube ni. Sannan ta naɗe hannun rigarta ta miƙo. Na zuba mata a hankali, ta wanke, ta murza 'yan yatsu, na miƙa mata tishu da hannu biyu. Ni ma na wanke nawa. Na ji wurin ya yi tsit, na ce a raina, e, ku kalla da kyau, haka ake girmama manya a wurinmu.

Da abin ya tsaya a nan, da da sauƙi.

Ina miƙewa sai idona ya kai kan dattijon nan. Ya ajiye jarida, ya tsiyaya jan ruwan nan a kofi, ya nufi bakinsa da shi. Innalillahi! Na ce tsufa ne, ido ya yi rauni, bawan Allah zai sha guba a gabana, ni da nake karatun lafiyar al'umma. Ban san lokacin da na dire tasa ba. Na keta tsakanin tebura ina ihu, "Baba, no! Don't drink!" Na cafke wuyan hannunsa. Kofi ya kife, ruwa ya wanke farin zanin nan tun daga ciki har gwiwa.

Kuma ban yi shiru ba. Ina riƙe da hannunsa ina yi masa lacca da Turanci a kan illar sinadarai a hanji. Shi kuwa ya buɗe baki yana kallona, ya kalli zaninsa, ya sake kallona.

Matar ta fito da gudu. Ta dubi dattijon, wanda ashe mahaifinta ne, ta dubi tasa a ƙasa da ruwan hannunmu a ciki, sai ta dafa kafaɗata a hankali, yadda ake yi wa marar lafiya. Ta ce, "It's drinking water, love." Ta yi min bayani cewa ruwan sha ne, ɓawon wani itace suke tafasawa a ciki, haka ake sha a garinsu, babanta kuma tun yana yaro shi yake sha. Sannan ta nuna min wurin wanke hannu, da famfonsa da sabulunsa da tawul. Yana bayan kujerar da na zauna, da na miƙa hannu zan taɓa shi.

Na waiga. Kowane tebur da kofinsa na jan ruwa, wasu ma sun sha rabi. Ana cikin haka mijin ya leƙo daga kicin da ludayi a hannu yana tambayar wa ya ɗauke tasar da yake kwashe shinkafa.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na ba dattijo haƙuri da Turanci, na ba shi da Hausa, saura kaɗan in ba shi da yaren fim, Allah ya rufa asiri na kama bakina. Na koma kujera na zauna. Ban iya kallon Gwaggo ba, sai hannunta na gani ya jawo sabon jug ɗin da aka kawo, ta cika kofi, ta shanye tas. Ta ce wa matar wasu kalmomi biyu da yarensu. Matar ta dafe ƙirji don murna, ta ƙwala wa mijinta kira ya zo ya ji.

Sai a lokacin Gwaggo ta ce min, ba tare da ta ɗago ba, "Ni nas ce. Rabin waɗanda muke aiki tare 'yan Kerala ne. Duk shekara in suna bikinsu sai sun ciyar da ni a kan ganyen nan."

Wato duk laccar da na yi ta yi mata a bas, tana jina.

Abincin ya zo, kuma don Allah kada ku tambaye ni ɗanɗanonsa. Na san an zuba shinkafa, an jera miya kala-kala a gefen ganye, wata da kwakwa, wata mai tsami, wata mai yaji. Yajin ne ya taimake ni, don da shi na fake ina share hawaye. Gwaggo kuwa ta cakuɗa ta dunƙula da yatsu cikin gwaninta, har ta nemi ƙari. Dattijon ya shiga ciki ya sauyo wandon motsa jiki ya dawo kujerarsa. Daga nan duk lokacin da zai sha ruwa sai ya ɗaga kofin ya nuna min, ya ɗaga gira, yana jiran izini. Sai na gyaɗa kai sannan ya sha, kafaɗunsa na girgiza don dariya.

Muka kama hanyar komawa tasha. Ni na riga na gama da Mukhtar a zuciyata, har na fara tsara yadda zan gaya wa mahaifiyata. Abin da ya fi ci min rai ba zanin dattijo ba ne, ƙaryar ce. Wa zai so ɗansa ya auri mai iyayi, kuma maƙaryaciya? Da muka zauna jiran motarta na kasa daurewa, na ce, "Gwaggo, ban taɓa zuwa wurin nan ba sai yau."

Ta ce, "Na sani tun daga bakin ƙofa."

Na ce, "To don Allah me ya sa ba ki hana ni ba? Me ya sa kika miƙo hannu?"

Ta daɗe tana kallon hannayen nata. Sannan ta ce, "Rabon da wani ya durƙusa ya zuba min ruwa a hannu, tun ina Zariya. 'Ya'yan da na haifa a nan, in na ce a kawo min ruwa, sai su ce 'Mum, the sink's right there.' Na san ruwan sha ne, 'yata. So na yi ki gama zubawa."

Ta ciro waya ta kira yayanta, mahaifin Mukhtar, a gabana, ta sa a sifika. Bayan sun gaisa ya ce, "To, yaya kika gan ta?"

Ta ce, "Yaya, yarinyar tana da ladabi, kuma ba za ta ga mutum zai halaka ta tsaya kallo ba, ko da kuwa ba halakar zai yi ba. Sai dai bakinta ya fi saninta gudu. Wannan kuma ku bar ni da ita. Ku shirya ku je."

An je, an ɗaura. Iyayin dai ban rabu da shi duka ba, kada in yi muku wata ƙaryar. Amma yanzu duk inda na shiga aka ajiye min abin da ban sani ba, ko da ruwa ne fari tas a kofin gilashi, sai in naɗe hannuwana in jira in ga abin da na kusa da ni zai yi da nasa. In kuma Gwaggo tana wurin, ba na ma wahalar da kaina, ita nake tambaya.