Bakin da Agali ya zana

Ko zan manta da komai na zamana a Keita, ba zan taɓa mantawa da yammacin da na shiga rumfar Agali ba. Lokacin ina sabon mushen lakwal, wato malamin makaranta, ga ni da wata cuta: ban iya ganin abu in yi shiru ba.

Agali mai zanen allunan shaguna ne, abokin shan shayina. Kullum fuskarsa a cikin rawani take, idanun ma da ƙyar ake hangowa, ko shayi ta ƙarƙashin amawali yake kurɓa. Haka danginsa duka suke yi, shi ya sa ban taɓa kawo komai a raina ba.

Ran nan muna zaune da maƙwabcinsa Habu tela, sai Agali ya jawo wani allo daga bayan tabarma ya jingine.

"Mushe, diba wanga. Mi ka gani?"

Fuskar wani mutum ce ba rawani, baki ya karkace gefe guda, fatar ido ɗaya ta sauko. Na gyara zama (na taɓa ɗan darasin zane a makarantar horon malamai, tun daga nan nake jin kaina gwani). Na ce ai ma'anar a fili take, wannan hoton munafuki ne mai magana da gefen baki. Na ce a dubi idon nan, idon maci amana. Har yaba masa na yi, wai ya iya fito da mugun hali a fuska. Habu yana ta taka mini ƙafa, ni kuwa na ɗauka wuri ne ya yi mana kaɗan, na janye ƙafar na ci gaba.

Agali ya sa hannu ya sauke amawali. Bakin nan ne, idon nan ne.

"Tun da ciwon ga na shanyewar fuska yat taɓa ni ban diba madubi ba, sai da za ni zana shi," in ji shi. "Na so in rataya shi nan, in gani ko mutane na sabawa."

Na hau kame-kame, wai ai fuskar tana da kwarjini (ka ji gyara).

Bayan ƴan kwanaki na ga allon a ƙofar shagon Habu, an shafe shi da farin fenti an zana keken ɗinki. Mun ci gaba da shan shayi, amma har aka canza mini gari bai ƙara nuna mini zane ba, bai kuma ƙara sauke amawali gaban kowa ba. Wannan abin har yau yana ci mini rai.

Yanzu ko zanen akuya yaro ya nuna mini, sai na tambaya ko ta gidansu ce kafin in buɗe baki.