Kawaicin da Ya Hana Ni Cin Kifi

Muna hanyar gidan Maria, 'yar Filifin da ke aikin jinya tare da 'yata Binta a Dubai, na buɗe wa surukina, mijin Binta, darasi. Na ce kawaici daga "yin kawai" ya samo asali, wato ka yi shiru alhali ranka na so. Fulani suna da fulako, Farisawa ma na ga nasu: sai an yi tayi uku mai mutunci yake miƙa hannu.

Binta ta ce, "Baba, nan fa sau ɗaya ake tayi."

Na ce, "Ni za ki koya wa duniya?"

Maria ta kawo gasasshen kifi, ga shi ban karya ba. Na dafa ƙirji na ce na ƙoshi. Baiwar Allah ta yarda! Ta janye farantin, ta kawo mini ruwan ɗumi. Ina nan ina jiran tayi na biyu cikina ya yi ƙugi. Surukina ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa, bai fasa cin rabona ba.

Har yau in Binta ta ajiye mini tuwo sai ta ce, "Baba, wannan ne na ukun."