Ranar da Na Aske Dutsen Seyir

Shekarar da aka sa wa jiharmu suna Kaduna, saura mako guda a zaɓi dattawan ikilisiyarmu a Kafanchan, ni ma ina cikin 'yan takara, aka ba ni jagorancin nazarin Littafi Mai Tsarki na ranar Laraba. Wata uku na taɓa yi a makarantar Baibul, saboda haka gani nake Ibrananci a aljihuna yake kwana.

Mama Ladi, shugabar zumuntar mata, ta ɗaga hannu. "Malam, wannan Dutsen Seyir na Edomawa, mece ce ma'anarsa?"

Ban sani ba. Amma na gyara kwat, na cire tabarau a hankali, na ce, "Ma'anarsa sanƙo, Mama. Dutse ne ƙwal, ko ciyawa babu." Har na sa jama'a suka maimaita sau biyu.

Sai tsohon fastonmu ya yi gyaran murya daga bencin baya. "Ɗana, Seyir mai gashi ke nan, buzu-buzu, kamar Isuwa kakan Edomawa. Ka aske dutse guda ba ko sabulu."

Mata suka kife a kan benci don dariya. Ranar zaɓe ƙuri'a uku na samu, ɗaya tawa ce. Matata har yau ta ƙi faɗin wanda ta zaɓa.

Yanzu jikoki gare ni, amma in na shiga kasuwa, tsofaffin nan sai su dafe ɗankwali: "Ku rufe kanku, ga Wanzamin Edom!"