Ranar da Na Hau Keke da Surukina

Ba zan taɓa mantawa ba da Asabar ɗin da na kai surukina yawon keke a gaɓar tekun Masar. Ni na gayyace shi da bakina, don haka babu wanda zan ɗora wa laifi.

Baba, mahaifin matata, ya zo Alƙahira ne a duba masa ido, ya sauka gidanmu a unguwar Dokki. Tsohon malamin gona ne, ya yi rayuwarsa yana zaga ƙauyukan Funtuwa a kan keke. Ni kuwa aikin fassara nake yi a ofis, kuma tun kafin in auri 'yarsa na san yana yi mini kallon mutumin da bai taɓa yin gumi ba. Da abokin aikina Magdi ya ce ƙungiyarsu ta masu hawan keke za ta je Rashid, inda kogin Nilu ke shiga teku, sai na ga dama ta samu. Zan nuna wa Baba tsofaffin gine-gine, in nuna masa cewa ni ma akwai ƙashi a jikina.

Abin da ban lissafa ba shi ne abinci. A gidanmu an san ba a ci a gaban suruki. Tun zuwan Baba, a ɗaki nake cin nawa, shi a falo. To a kan hanya babu ɗaki.

Motar da ta kwaso mu da kekunan ta sauke mu kusa da tafkin Idku. Nan aka shimfiɗa karin kumallo: gurasa, wake, ta'amiyya mai zafi (ƙosan Masar ke nan), shayi. Baba ya zauna ya yi bismillah.

"Baban Hanifa, matso mana."

"Alhamdu lillahi Baba, na ƙoshi." (Ruwan shayi kawai na kurɓa kafin mu fito.)

Magdi ya dube ni. "Azumi kake yi?"

Na ce a'a. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Tamam. Yalla, mu tafi!"

Da farko komai ya tafi daidai. Gonakin dabino a dama da hagu, masunta na gyaran koma a bakin ruwa, iskar teku na kaɗawa. Baba ya naɗe ƙafar wandonsa, ya danna hula, ya riƙa taka keken a hankali kamar mai zuwa masallaci, amma ko kaɗan ban iya cim masa ba. (Na gaya wa kaina ladabi ne ya sa nake binsa a baya, tunda yaro ba ya wuce babba.) Duk inda aka tsaya sai a raba dabino da ayaba. In miƙa hannu, sai in ga Baba a gefena yana tambayar wani manomi yadda suke ban ruwa, sai in mayar da hannun aljihu. Ruwa ma sai na juya baya nake kurɓa.

Da muka shiga garin Rashid, muka zaga gidajen nan masu jan bulo da baƙi, ƙafafuna sun fara rawa. Na ɗauka gajiya ce. Daga nan muka ƙarasa tsohuwar ganuwar da ke bakin kogi, wurin da na kwana biyu ina karanta tarihinsa don wannan rana. Muka hau matakala. Na gyara murya, na tsaya gaban Baba kamar mai karanta labaran duniya.

"Baba, wannan ganuwa an gina ta ne domin tsare bakin kogi daga jiragen ruwan abokan gaba, kuma a nan ne…"

Iyakar abin da na sani ke nan, sai duhu ya rufe mini ido.

Da na buɗe ido, kaina na kan cinyar surukina. Magdi ya ɗaga ƙafafuna sama, wata Bamasariya daga cikin ƙungiyar tana yi mini fifita da hulata tana yi mini sannu da Larabci, "Ma'alish, ma'alish." Baba kuwa ya matse mini kumatu da hannu ɗaya kamar yadda ake yi wa ɗan akuya in za a ba shi magani, yana tura mini dabino a baki da ɗayan.

"Tauna," in ji shi.

Na tauna. Ya ƙara, na tauna. Aka kawo gurasa da soyayyen kifi, na tashi zaune, sai kunyar ta dawo mini gaba ɗaya. Na riƙe gurasar ina kallon ƙasa. Baba ya dube ni, ya dubi gurasar, sai ya gane. Ya miƙe, ya juya mini baya, ya harɗe hannu yana fuskantar ruwa.

"Ni kogi nake kallo," ya ce. "Kuma ka san idon nan nawa ba a gama gyara shi ba."

Na cinye kifina. Na cinye nasa ma, ban sani ba sai da na ga ƙaya biyu a takarda. Mutanen Magdi suna tafa mini kamar na ci gasa.

Ragowar tafiyar a cikin mota na yi ta, kekena a ɗaure a sama, ina hango Baba ta taga yana ta takawa tsakanin samari.

Da muka iso gida matata ta tarbe mu a ƙofa. "Baba, yaya yawon? Ina fatan bai wahalar da kai ba."

Na saci kallon Baba. Baba ya cire takalmi a natse ya ce, "Mijinki ya san tarihi. Sai dai bai ƙarasa mini ba." Ya wuce falo, ya zauna, ya ɗaga murya: "Kawo mana abincin nan, faranti ɗaya. Ni da shi za mu ci."

Na zauna na ci, kaina a sunkuye. Abin da na koya kuwa shi ne, in dai dole suruki zai ga kana cin abinci, gara ya gan ka a zaune kana ci da hannunka.