Rasuwar Takalmin da Bai Ɓoye Garinsu Ba

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har baki, ni Mazi Erondu Nwagbara, tsohon malamin labarin ƙasa, mazaunin Ogbor Hill a nan Aba, nake sanar da 'yan uwa, surukai, tsofaffin ɗalibaina da 'yan ƙungiyar garinmu cewa takalmina, baƙi, sau-ciki, mai lamba arba'in da uku, ya riga mu gidan gaskiya. Ya rasu ranar Lahadin da ta gabata da hantsi, yana da shekara goma sha bakwai, bayan doguwar jinya. A cikin coci ya cika, ranar godiyar girbi, a gaban jama'a, lokacin da muke rawa zuwa bagadi ina rungume da doya biyu. Na ɗaga ƙafar hagu, tafinsa ya ƙi bina, ya yi zamansa a kan siminti. Da safa na ƙarasa bagadi. Ƙafar dama tana nan da sauran numfashi, amma duk wanda ya san zaman da suka yi ya san ba za ta rayu ita kaɗai ba, don haka tare za a binne su.

Waɗanda suka san ni sun san abin da ya sa wannan rashi ya wuce na takalmi. Shekara ashirin ke nan da na miƙe a taron ƙungiyar garinmu, na dafa ƙirji, na rantse ba zan ƙara amfani da kayan waje ba muddin ana yin irinsa a gida. An tafa mini sosai. Shugaban taro ma ya tafa, agogon Japan yana rawa a hannunsa. Daga ranar ba wanda ya biyo ni, ni kuma taurin kai bai bar ni na juya ba. Ga shi ranar Asabar ɗin nan zan riƙe hannun 'yata Akudo in kai ta a ɗaura mata aure, kuma duk waɗanda suka tafa ran nan za su zo, idonsu a kan ƙafata.

An haifi marigayin a wata rumfa a layin masu takalma na kasuwar Ariaria, a hannun Ahamefule, wanda ya gaji sana'ar wurin ubansa. Ta wajen uwa ɗan arewa ne, fatar wata jar akuya ce aka jeme a Kano, ta shigo Aba a motar albasa. Kwana uku ina zarya, a gabana aka yi komai. An zana ƙafata a kan kwali da fensir, an yanka, an ɗinka. Da aka gama sai Ahamefule ya yi abin da kowa ke yi a layin: ya ɗora hatimin ƙarfe a kan risho, da ya yi zafi ya ɗauko zai danna wa jaririn sunan Italiya a cikinsa. Na riƙe masa hannu. Na ce shekara talatin ina nuna wa yara Italiya a taswira, ban taɓa ganin Ariaria a cikinta ba. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce shi ma iyakarsa Fatakwal, amma ba shi da wani hatimi, kuma duk layin ba mai shi. Na bar takalmin a can, na nemi wani maƙeri a titin Ngwa ya ƙera mini hatimi mai harafi uku. Da shi aka raɗa wa marigayin suna, Aba.

Ya kasance yana da 'yan uwa biyar uwa ɗaya uba ɗaya. Ni na matsa wa Ahamefule ya yi su da sabon hatimin, na ce masa mutane suna nan suna jira, samu ne ba su yi ba. Wata takwas suna zaune a kan kanta. Mai saye ya ɗauka, ya shafa, ya yaba, ya leƙa ciki, sai ya ajiye a hankali ya tuna yana da uzuri. Da fumfuna ta fara kama su, Ahamefule ya kankare sunan ya danna na Italiya, cikin mako guda suka tafi duka. Ɗayansu na gan shi a ƙafar shugaban ƙungiyarmu, yana gaya wa mutane cewa Bature ba ya wasa da aikinsa. Saboda haka marigayin shi kaɗai ne a gidansu ya mutu da sunan yanka.

Ba zan yi masa shaidar ƙarya ba don ya mutu. Wata uku na farko cizona yake yi a dunduniya, har sai da na riƙa cusa auduga. Idan ruwan sama ya taɓa shi yakan rina mini safa. Ƙafar hagu kuma ta ɗan fi ta dama girma, abin da na riƙa cewa ƙafata ce ba daidai ba, don kada a samu abin faɗa. Amma da ya hankalta, sai ya zama mai haƙuri irin na mutanen da. Ya ratsa ambaliyar Aba damina goma sha bakwai, ruwa har gwiwa, da safe a shanya shi ya tashi aiki. Ya tsaya da ni a layin tantance 'yan fansho a Umuahia tun daga fitowar rana har ta karkata, bai yi gunaguni ba, ni ne na yi. Ya je jana'izar mutanen da suka fi ƙarfin lissafi, ya je neman aure sau huɗu a madadin 'ya'yan dangi, ba a taɓa mayar da mu ba.

Mai magana ne, amma kalmarsa ɗaya. Kowane taku sai ya ce ƙiit, ƙiit. A shekarun ƙarshe da na yi ina koyarwa, wannan murya ce ke shiga aji kafin ni, in tarar an yi tsit. A coci mawaƙa sun roƙi in riƙa shigowa kafin su fara. Matata Nwanyieze takan ce shekara goma sha bakwai ba ta taɓa fargabar ko ina bin mata ba, don mijin da duk unguwa ke jin takunsa ba ya iya laifi a ɓoye. Tun ranar Lahadi gidan ya yi shiru, kuma ina kewar wannan ƙara fiye da yadda nake jin kunyar faɗa.

Marigayin ya tarar da wasu 'yan gida da suka riga shi. Akwai fanka 'yar ƙasa, wadda ba ta taɓa juya wuya ba, mutum ɗaya take kallo har ta mutu. Akwai dutsen guga da ya ƙona rigar bikin Nwanyieze sannan ya ƙone kansa. Akwai rediyon da ke kama tasha ɗaya, ita ma sai an dafa shi. Duka na je neman kayan gyaransu, na tarar masana'antun sun rufe, ɗaya ta koma coci, ɗaya wurin ajiye kwantena. Nwanyieze tana kiran ɗakin ajiyarmu maƙabartar kishin ƙasa. A duk gardamar da muka yi kan wannan, takalmin ne kaɗai hujjata. In ta kawo fanka, in nuna ƙafata. Yanzu ba ni da abin nunawa.

Ciwon ya fara ne bara, bakinsa ya buɗe ta gaba. An ɗinke shi sau uku, an yi masa gam sau ba adadi, an buga masa ƙusa. Masu gyara na bakin titi sun riƙa juya shi suna kallona, su ce Baba, ka bar shi ya huta. Ni kuma na ce ya daure har bikin Akudo. Saura kwana shida ya gaza. Ba na ganin laifinsa, ni na ɗora masa abin da ya fi ƙarfin shekarunsa.

Kafin mu iso gida daga coci, Nwanyieze ta riga ta buga waya Legas. Ranar Talata sai ga kwali a motar haya daga surukina Ikedichi, wanda zai auri Akudo, yaron kirki mai kunya. Na buɗe. Takalmi ne baƙi, yana ƙyalli, an naɗe shi da farar takarda, daga wani babban kanti mai sanyi. Na leƙa ciki, Italiya. Na ce ba zan sa ba. Nwanyieze ba ta ɗaga murya ba, ta ce, “Baban Akudo, ka ƙona mini riga da kishin ƙasarka na yi shiru. In ka kunyata yaron nan, ko ka raka 'yata da silifas, ka nemi ƙasar ta riƙa dafa maka abinci.”

Washegari na sa gawar a jaka, na ɗauki kwalin a hammata, na tafi wurin mahaifin marigayin. Shekara biyar rabona da shi. Ahamefule ya yi furfura, kekunan ɗinkinsa uku biyu an rufe su da buhu, ɗayan yana jiran wuta. Ya karɓi gawar da hannu biyu, ya duba, ya ce ba abin da likita zai yi. Na ce to ya ɗinka mini sabo kafin Asabar, ya sa masa hatimin nan namu. Ya ce hatimin yana gida, matarsa na fasa ƙwarar manja da shi, amma ko an kawo shi ba zai yi amfani ba. Ya jawo buhu ya zazzage mini tafin takalma. A shirye suke zuwa yanzu daga waje cikin kwantena, kowanne da Italiya a jikinsa tun daga inda aka zuba robar, don masu yin tafi na garin nan sun daɗe da rufewa. Fata mai kyau kuma jirgi take bi, sai wadda aka ƙi take zuwa mana. Na ce to ya yanka mini tafi daga tsohuwar taya. Ya tambaye ni a wace unguwa ta Aba ake yin taya.

Sannan ya ɗaga marigayin, ya nuna mini inda ya ɓare, ya kira ni Dee, wato yaya, ya ce, “Dee, shekara sha bakwai ina jin nauyinka. Gam ɗin nan da zaren nan, a zatonka daga ina suka zo?”

Na zauna a kan benci, na ji tsufa ya sauko mini gaba ɗaya. Don in kawar da maganar sai na miƙa masa kwalin, na ce ya ga abin da ake so in ci amanar kaina da shi. Ya zaro takalmin, ya bi ɗinkin da babban yatsa tun daga hanci har dunduniya, ya daɗe bai ɗago ba. Iska ta ɗaga labulen da ke bayansa, na hango kwalaye irin nawa sak, a jere har rufi, ga farar takarda a gefe. Na tambaye shi ko shi ya ɗinka.

Ya mayar da takalmin cikin takardarsa, ya ce, “An rubuta Italiya, Dee. Kai ne malami, ka fi ni iya karatu.” Da na ƙi kawar da ido sai ya rage murya. “Mutum ɗaya ya rage yana saye a wurina, mai babban kantin Legas ɗin nan. Ranar da masu sayensa suka ji Aba, ranar zan rufe keken na uku. Ka sa abinka, zai ɗan cije ka wata uku.”

Shi ya sa sunan Ahamefule da na ba shi a sanarwar nan ba nasa ba ne, kuma kada wanda ya tambaye ni lambar rumfa. Surukina ba ya karanta sanarwar mutuwa, bai kai shekarun ba, ina roƙon wanda ya karanta ya bar ta a cikinsa.

Marigayin ya rasu ya bar igiya biyu masu sauran ƙarfi, buroshi guda da ya yi sanƙo a hidimarsa, rabin gwangwanin man gogewa, safa uku da ya rina, da ni. Allah ya jiƙansa, ya ba mu haƙurin rashi.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a da ƙarfe goma na safe, a bayan gidana, gindin bishiyar lemo. Ba za a kai shi ɗakin ajiye gawa ba kamar yadda muka saba da manya, don bai saba da sanyi ba, kuma ba tabbas a kan wuta. Babu anko. Na zaga kasuwa neman farin yadi saƙar gida, masu kanti suka riƙa kiran juna su zo su ji abin da Baba yake nema. Akwai goro da bammi, su dai har yanzu ba su canza gari ba. Surukai kada su wahalar da kansu da akuya, dangin uwarsa ce. Mahaifin marigayin ya ce zai zo, amma a baya zai tsaya kamar maƙwabci, kada a kira shi ya yi jawabi.

Ranar Asabar kuma da ƙarfe goma sha ɗaya zan shiga coci da Akudo a hannuna, sanye da sabon takalmi. 'Yan ƙungiyar garinmu da suka yi shekara ashirin suna jiran wannan rana, su yi dariyarsu, na yafe. Na san shugaba zai tare ni a bakin ƙofa, ya sunkuya ya shafa fatar, ya tambaye ni a gaban kowa ina aka yi wannan kyakkyawan aiki. Zan dube shi cikin ido in ce masa Italiya.

Mai sanarwa,
Mazi Erondu Nwagbara,
a madadin iyali.