Ginshiƙan Ciyaman

Duk Jos babu mai hangen nesa irin Alhaji Ɗanbala, dilan injuna da ƙusoshi a unguwar Congo-Russia. Shi ya faɗa da bakinsa, to wa zai musa? Tun da ya leƙa Dubai ya dawo, ya hana a kira shi mai shago. Sunansa Ciyaman. A bayan idonsa Sarkin Noti ake ce masa, amma wannan hassada ce kawai.

Bana Ciyaman ya lura ofis da sito sun yi wa darajarsa kaɗan. Ya kira Klaudiya Pwajok, mai zanen gine-gine, ta zana masa sito mai faffaɗar ƙofa. Ya duba, ya taɓe baki.

"'Yata, wannan ai gareji ne. Ina ginshiƙai? A Dubai, kafin ka ga mutum, ginshiƙinsa kake fara gani."

"Oga, ƙofar za ta matse fa."

"Babban mutum ba ya jin matsi."

Aka ɗora bene. Aka jera na'urorin sanyaya ɗaki, a garin da ake kwana da rigar sanyi. Sannan aka dasa ginshiƙai biyu a bakin sito, ƙato-ƙato, da rubutun ruwan zinare: na hagu ƊANBALA, na dama CIYAMAN. Shi kuwa ƙaton injin fasa dutsen da ke ciki, wanda Madam Chundung mai kwari, wato wurin fasa dutse, a hanyar Rukuba ta riga ta saya, sai aka lulluɓe shi da tamfol don kada ya yi ƙura. Ciyaman mutum ne mai kula.

Ranar buɗewa aka kafa rumfuna. Ciyaman ya riƙe lasifika.

"Jama'a, abin da kuke gani ba gini ba ne. Tunani ne!"

Ana cikin tafi Madam Chundung ta iso da babbar mota don ɗaukar injinta. Aka jawo inji har bakin ƙofa, ya tsaya cak. Aka karkata shi, ya ƙi. Aka kwance masa ƙafafu, ya ƙi.

"Damina ce," in ji Ciyaman, bai ajiye lasifikar ba. "Ƙarfe ya kumbura."

Madam ta riƙe ƙugu. "Alhaji, abeg. Leburori na can suna jira. Ko inji ya fita yau, ko in tafi wurin Nneamaka mai sayar da injuna a Dilimi. Kuma duk masu kwari bina za su yi, ni zan kai su."

Rabin cinikin Ciyaman na masu kwari ne. Ciyaman ya dubi hagu, ya dubi dama, ya share gumi duk da sanyin Jos. Sai ya yanke hukunci irin na manya: ya nuna ginshiƙin hagu. Sunan da mahaifinsa ya raɗa masa ai kowa ya san shi, muƙami kuwa sai an tuna wa mutane.

Aka sa guduma, ƊANBALA ya zube. Aka sake jan inji. Saura ɗan taƙi.

Kafin la'asar CIYAMAN ya bi ɗan'uwansa, baƙi na kaɗe ƙura daga shinkafarsu. Ƙofa ta dawo daidai yadda Klaudiya ta zana ta.

Gudumar dai daga shagonsa aka ɗauko ta. Kuma don Allah a faɗi gaskiya: kayan Ciyaman ba su taɓa samun talla irin ta ranar ba.